Wa ke naɗa jami'in tsabta a gari?

Uwar Tagwaye, Garin Malam:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina sayar da fura a bakin kasuwar Dole a nan Damagaram, ga damina ta ƙarato. Duk shekara tabkin bayan gidanmu yana cika da leda da ruwan masai, sauro ya hana yara barci, zazzaɓi ya bi gida-gida. Jami'in da ke kula da tsabta da lafiyar jama'a, magajin gari ne ke naɗa shi ko ministan lafiya? Mu matan unguwa muna son sanin inda za mu kai kukanmu.

Tsohon Majo:
Wa alaikumus salam Hajiya. Aikin kashi biyu ne. Likitoci da ma'aikatan CSI, wato ƙananan asibitocin gwamnati, suna ƙarƙashin ma'aikatar lafiya. Shara kuwa, da magudanan ruwa da mahauta da abincin kasuwa, nauyin hukumar gari ne, ita ke da sashen tsabta. Tun watan Afrilu 2024 da aka rusa majalisun zaɓaɓɓu, wakilin da gwamnati ta naɗa ne ke riƙe da gari. Damagaram arondisma 5 gare ta, wato gundumomin cikin gari, ku fara da ofishin taku.

Ɗan Birni:
Baba Majo ya faɗi gaskiya. Ni abin da ke damuna shi ne wa ake ba kujerar. Wannan aiki ba na ɗan wane ba ne. Sai wanda ya yi karatunsa, ya san yawan maganin da ake zuba wa rijiya, ya kalli nama a mahauta ya gane na dabba mai ciwo. Ga makarantar koyon aikin lafiya nan cikin gari, yaranmu suna fitowa da takardu suna zaune. Ba mu manta da kwalarar 2021 ba, yadda ta ratsa Maraɗi da nan. A garin da mutane da yawa ke sayen ruwa wajen ƴan ga-ruwa, dole a samu mai duba bidon da ake ɗebowa da shi. Kuma idan an naɗa shi a ba shi babur da mai, don ba a duba unguwa daga cikin ofis.

Tsohon Majo:
Hajiya, kada ku je ku kaɗai. Ku bi ta wurin mai unguwa, a rubuta takarda, kowace ta sa hannu, ku riƙe kwafi.

Uwar Tagwaye:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Bayan la'asar za mu je wurin mai unguwa in sha Allah.