Zanen bangon shago: ado ne ko talla?

Mai zane: Jama'a, ku yi mini alƙalanci. Mun yi yarjejeniya da wani mai shago cewa shi zai ba da bango da fenti, ni kuma in yi zanen domin unguwa ta yi kyau. Fenti bai gama bushewa ba ya kafa ƙaton allon shagonsa daidai inda na sa hannu. Wannan haɗin gwiwar da ake ta yabawa, talla ce kawai masu shaguna suke yi da guminmu.

Ɗan kasuwa: Malam, ka janye kalmar talla. Talla ita ce wadda take ɗauke da sunan kaya da farashinsa, kuma ban taɓa ganin tsuntsun da aka zana a bango ya sayar da komai ba.

Malama: Alhaji, duk abin da zai sa mai wucewa ya tsaya a ƙofar shago har ya ɗauki hoto ya yaɗa, talla ce, ko da babu harafi ɗaya a jikinsa. In ba haka ba, me ya sa ba ku ba da bangon baya, sai wanda yake kallon titi?

Ɗalibi: Wannan gardamar ta taɓa kai birnin Los Angeles na Amurka ga hana zanen bango a gine-ginen mutane daga 2002 zuwa 2013, saboda rikicin allunan talla. Dokar da ta dawo da shi ta haramta sa saƙon kasuwanci a ciki.

Ɗan kasuwa: Ka ga ke nan doka ma ta raba su. Ke kuma Malama, kowa ya san ƙaninki mai zane ne, shi ya sa kike zaƙewa.

Malama: Ƙanina bai ci bashin kowa ba, Alhaji, kada ka sako shi a nan. Kai ma ai shagonka kake karewa.

Ɗalibi: Ranka ya daɗe, ban ce dokar ta goyi bayanka ba.

Shugaban zaure: Ya isa haka. Abin da na fahimta shi ne, yawancinmu mun yarda cewa zane ado ne, kuma mu masu shaguna alheri muke yi idan muka ba da bango. Malam mai zane ya yi haƙuri, gaba ya riƙa sa hannu a sama. An rufe wannan magana.