Likita ya ce a duba gindin farcena, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Da na taɓa ruwan sanyi sai yatsuna su yi fari, su koma shuɗi-shuɗi, daga baya su yi ja suna zugi. Yanzu gaɓoɓina ma sun fara ciwo da safe. Likita ya ce alamar Raynaud ce, ya tura ni wurin likitan gaɓoɓi a duba ƙananan hanyoyin jini na gindin farce. Gaskiya hankalina ya tashi. Cire farcen ake yi? Kuma me ya haɗa farce da ciwon gaɓoɓi?

Wata 'yar uwa: Wa alaikumussalam. Kwantar da hankalinki, an yi min. Ba yanka, ba allura. Ɗigon mai ake sa wa a fatar gindin farce, a ɗora na'ura mai girmama abu kamar sau 200. Yatsu 8 ake dubawa, ban da manyan yatsu. Allah ya ba ki lafiya.

Wani ma'aikacin lafiya: Hajiya, a wannan wurin hanyoyin jinin a kwance suke, kusa da saman fata, shi ya sa ake ganinsu ɗaya-ɗaya. A mai lafiya sirara ne, a jere, aƙalla 7 a milimita ɗaya. Idan an ga sun kumbura sosai, ko sun ragu, ko akwai ɗigon jini, sai a yi zargin sikilarodama, cutar da ke taurara fata har ta taɓa gaɓoɓi da huhu, ko wata 'yar uwarta mai kama tsoka. Wani lokaci ana ganin wannan canjin tun kafin fata ta fara tauri, kuma nan amfaninsa yake. Tun 2013 ma yana cikin ma'aunin da likitoci ke bi wajen tantance sikilarodama. Amma shi kaɗai ba ya yanke hukunci, sai an haɗa da gwajin jini na ANA, mai duba alamar ko garkuwar jiki na yaƙar jikin mutum. Masu Raynaud da yawa ana dubawa a samu komai lafiya.

Mai tambaya: Na gode Malam. Akwai shirin da zan yi?

Ma'aikacin lafiya: Ki bar gyaran gindin farce na mako 2 zuwa 3, don ƙaramin rauni kan yi kama da ɗigon jinin cuta. Ranar kuma ban da jan farce, ban da kofi. Za su sa ki zauna minti 15 zuwa 20 hannunki ya daidaita da ɗumin ɗakin. Kada ki ɗaga ranar, tunda gaɓoɓi sun shiga ciki.