Ranar rufe zango na uku: me yaranku suka kawo gida?

Tela, uban yara huɗu, Kano

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ranar Juma'a aka rufe makarantar gwamnati da yarona yake, ɗan aji huɗu na firamare. Ya shigo gida da gudu, kati a hannu: na 6 cikin yara 87, kuma an rubuta ya wuce aji biyar. Uwarsa har taliya da ƙwai ta dafa masa, ni ma na yi masa alkawarin sabon takalmi.

Bayan sallar isha'i sai na ga wata 'yar takarda a naɗe cikin katin, sanarwar hedimasta ce da Hausa, layi biyar kacal, kan ranar komawa da taron iyaye. Na miƙa masa na ce karanta wa Babanka. Ya riƙe ta kusa da fitila, ya ɗora yatsa a kan kalmar farko, ya ce "i", ya ce "ya", ya tsaya. "Iyaye" ce ta gagare shi. Ya ɗago ya dube ni, idonsa ya ciko da ƙwalla. Wallahi ban runtsa ba a daren nan.

Shekara guda cur ban taka ƙofar ajinsa ba, kullum ina kan keke a shago, ina ganin tunda yana fita da safe yana dawowa da rana to karatu na tafiya. Yaya yaro zai zo na shida bai iya karanta layi ɗaya ba? Don Allah kowa ya faɗi abin da ya gani a tasa makarantar a ƙarshen shekarar nan, da abin da ya yi a kai.

Malamar firamare, shekara 19 a aji

Wa alaikumus salam. Malam, ka share masa hawaye, ba laifinsa ba ne, kuma ba shi kaɗai ba ne. Bari in gaya maka yadda katin nan yake samuwa, don ni da hannuna na cika 103 a makon jiya, da hasken waya, bayan na kwantar da nawa yaran.

Makin kashi biyu ne: gwaje-gwajen cikin zango, sai jarrabawar ƙarshe. Jarrabawar a allo muke rubuta ta saboda babu kuɗin buga takarda, yawanci tambaya ce da amsa biyu ko uku a zaɓi ɗaya. Sannan mu karanta musu da baki, mu maimaita. Yaro mai kaifin kunne da ƙwaƙwalwa, irin naka, zai ji tambaya ya gane amsa ya kwafi siffarta daga allo. Ya ci maki mai kyau, alhali bai haɗa baƙi da wasali ba. Na shida kuwa yana nufin ya fi yara 81 da ke zaune tare da shi, iyakar abin da lambar ta faɗa ke nan. Ba ta ce ya iya karatu ba.

Maganar wucewa aji kuma, gaskiya ba ma iya riƙe yaro ya maimaita. In na riƙe goma, ina zan zaunar da su? 'Yan aji uku ɗari da wani abu suna tahowa, benci ɗaya na mutum uku muna jera biyar, sauran a ƙasa kan buhu.

Akwai gurbi ɗaya a katin da iyaye ba sa dubawa, kuma shi ne ya fi kowane gaskiya: kwanakin da aka buɗe makaranta da kwanakin da yaro ya zo. Zango na uku yana faɗawa cikin damina. Ranar da hadari ya haɗo da safe rabin aji ba ya zuwa, ranar da ruwa ya sauka muna ciki sai mu tattaru a kusurwar da ba ta yoyo mu jira ya ɗauke. Ka duba gurbin nan a katin yaronka.

Abin yi a hutun nan ba ya buƙatar kuɗi. Bayan magariba, minti ashirin, ka fara da gaɓoɓi: ba, be, bi, bo, bu. Ka yanka kwali ka rubuta gaɓa ɗaya a kowane yanki, ya riƙa haɗawa: ba da ba, ta da sa, ke da ke. Hausa yadda ake faɗinta haka ake rubuta ta, shi ya sa yaro ke saurin kamawa. Kada ka fara masa da Turanci. Na sha ganin ɗan aji biyar da ya buɗe baki da karatu cikin mako shida ta wannan hanya.

Shugaban kwamitin makaranta, wani ƙauye a Jigawa

Malama, Allah Ya saka da alheri, kin faɗi abin da ke ranmu. Ni manomi ne, shekara uku ina shugabantar kwamitin kula da makaranta, wanda ake kira SBMC. Taronmu na ƙarshen shekara a gindin darbejiya muka yi shi, da mai unguwa da liman da wakiliyar mata. Hedimasta ya tashi da rajista a hannu ya karanta mana labarin shekara: malami ɗaya zai yi ritaya kafin a dawo, rufin aji biyu iska ta yaye shi tun ruwan farko, alli ya ƙare tun tsakiyar zango shi yake saye da aljihunsa, kuma yara 41 sun gama aji shida, mata 17.

Wannan 41 ɗin ita ce ta fi damuna. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara kyauta kuma tilas, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. To ƙaramar sakandaren da ta fi kusa da mu sai an yi tafiyar kusan awa ɗaya da rabi a ƙafa, kuma akwai rafi a tsakani da ke cika a watan Agusta da Satumba. Shekarar da na karɓi kwamiti, an yi walimar gama aji shida, an raba alewa, kowa ya watse. Da aka koma na je can na tambaya, cikin 'yan matanmu uku kawai suka bayyana. Babu wanda ya kore su, babu kuma wanda ya neme su. Hutun ne ya cinye su: wasu talla, wasu an fara maganar aure.

Tun daga nan muka daina watsewa daga taron sai an kwafo mana sunayen a takarda biyu, ɗaya wurina ɗaya wurin wakiliyar mata. Cikin hutu mu bi gida-gida, ni da mai unguwa mu zauna da uba a zaure, ita ta shiga ciki wurin uwa. Abin da muka gano, yawancin iyaye tsoron hanya suke yi, ba ƙin karatu ba. Sai muka tsara su riƙa fita a ayari ɗaya bayan sallar asuba, da babban mutum yana rakiya har a tsallake rafin, ana karɓa-karɓa. Bara mata 11 suka shiga, 9 sun kai ƙarshen shekara.

Rufin kuwa mun rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, mun kai da hannu. Kafin amsa ta zo mun sa ranar gayya, kowa ya kawo kwano ko da tsoho ne.

Uwar 'yan biyu, Maraɗi

Sallama gare ku. Mu nan Nijar tun ƙarshen watan Yuni aka sallami yara, ba za su koma lakwal ba sai Oktoba. Wata uku ke nan cif. 'Yan biyuna suna aji na huɗu, wanda muke ce wa CE2, kuma makinmu na firamare bisa goma ake lissafa shi. Ɗaya ta samu bakwai da 'yan kai, ɗayan biyar da ƙyar. Mushensu, wato malaminsu, mutumin kirki ne, ya kira ni gefe ya ce Hajiya, namijin nan ba daƙiƙi ba ne, allo ne ba ya gani, ki kai shi a duba idonsa. Haka kuwa aka yi, yanzu yana da tabarau.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ajinsu na zana ne. Da ruwan farko ya sauka karatu ya ƙare ke nan, ko da kalanda ta ce saura mako uku. A kwance zanar a ɗaure a ajiye, da kaka iyaye mu sake haɗa kuɗi a kafa. Tun gobarar da ta tashi a wani ajin zana a garin nan a watan Nuwamba na 2021, wadda ta ci yara ƙanana fiye da 20, bayan ta Yamai a watan Afrilu na shekarar, ba na iya wucewa ta bakin makarantar ban yi addu'a ba. A taron ƙarshe darakta ya ce ana sa ran ginin aji biyu na bulo. Mun ce Allah Ya sa, kuma mun roƙi in an gama a fara sa ƙananan a ciki.

Malama, shawarar kwalin nan zan ɗauka. Wata uku babu takarda, yaro yana komawa kamar bai taɓa shiga aji ba.

Direban a-daidaita, Kano

Ni tawa babba ce, aji biyu na babbar sakandare. Mu labarin ƙarshen shekara ɗaya ne: jarrabawar tantancewa, wadda in yaro ya ci gwamnatin jiha ke biya masa kuɗin NECO. In bai ci ba, uba ya nemo. Tun watan azumi nake jefa wani abu a asusu kullum in na tashi aiki, don kada sakamako ya fito ya same ni hannu wofi. Shawarata ga mai ɗa a wannan aji, ya fara tari tun farkon shekara. In ta ci, kuɗin ya tafi littattafai da JAMB.

Kaka mai riƙon jika, Zongo, Kumasi

Mu a Gana ranar rufe makaranta biki ce ta yara. Kowa ya sa kayan gida masu kyau, a dafa masa shinkafa da kaza a kwano, da lemo da biskit, su ci tare, a kai wa malami nasa. Jikata ba ta barci a daren. Amma bana ta gama ƙaramar sakandare ta rubuta jarrabawar fita, wato BECE, to zaman jira muke. A nan ƙaramin maki shi ne mai kyau, shida ya fi kowane, kuma kwamfuta ce ke raba yara makarantu bisa zaɓin da suka cike. Babbar sakandare kyauta ce tun 2017, sai dai akwatin kwana da katifa da bokiti duk a wuyanka suke.

Kuskuren da na yi da yayanta: na bar shi ya cike zaɓin shi kaɗai, ya jera manyan makarantu zalla, makinsa bai kai ba, muka sha yawo kafin ya samu gurbi. Wannan karon da kaina na je na zauna da malaminta muka cike tare. Ɗana tela, ka je makarantar, malamai ba sa ƙin uban da ya zo tambaya.

Mai aikin asibiti, Bronx, Amurka

Baba tela, abin da ya same ka ya same ni a nan, duk da yawan kayan aikinsu. Bambancin shi ne ba a bari sai ranar ƙarshe. A makarantun gwamnati na New York, tun tsakiyar shekara, wajen Fabrairu, ake aiko wa iyaye wasiƙa in ana shakkar yaro zai wuce aji. Ni na samu irinta a kan ɗiyata. Katinsu ba ya nuna na nawa ta zo, maki ne daga 1 zuwa 4 a kowane fanni, 3 na nufin ta kai matakin ajinta. Ita 1 ta samu a karatu. Na ji zafi sosai, amma na samu wata huɗu na shiri. Da aka rufe a ƙarshen Yuni ta shiga karatun bazara, ana ba su karin kumallo da abincin rana kyauta. Na kan ce da a gida za a ƙara gurbi ɗaya a kati, malami ya rubuta ko yaro ya iya karanta jimla ko bai iya ba, da iyaye da yawa sun farka da wuri. Biro kawai yake buƙata.

Malamar firamare

Yaya, wannan gurbin zan iya zana shi da kaina. In na ɗauki yara goma kullum, minti biyu-biyu, cikin mako biyu da kwana ɗaya na gwada ajin kaf. In sha Allahu zan kai wa hedimasta maganar ranar da muka koma, kuma a ƙarshen zango na ɗaya zan rubuta, ba sai na uku ba.

Tela, uban yara huɗu, Kano

Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Na dawo da labari bayan kwana goma sha biyu. Na duba gurbin da Malama ta ce: kwana 14 bai je ba a zangon nan, kuma yawancinsu ni ne na tsayar da shi a shago yana kai wa mutane ɗinki. Na daina, na ɗauki yaron maƙwabci da ya gama sakandare.

Na bi shawarar Hajiya ta Kumasi, na nemi malamin ajinsu har gida. Ya yi mini shimfiɗa a zaure, ya ɗauko rajista ya nuna mini, ya ce a shekarar nan ni ne uba na uku da ya zo tambayar karatun ɗansa. Ya ba ni wani tsohon littafin Hausa na aji biyu aro.

Kwalayen da ake naɗo yadi a kai na yanka da almakashin ɗinki, gaɓa 40 muka fara da su. Ƙanwarsa 'yar aji biyu ita ma ta shigo, har da yaran maƙwabta biyu, yanzu su huɗu ne a tabarma bayan magariba. Daren jiya ya haɗa "tabarma" da kansa, ya tashi a guje ya je ya nuna wa uwarsa a madafi. Takardar hedimastan tana nan a aljihun rigata, mun yi da shi zai karanta mini ita kafin a koma. Taron iyayen kuma Asabar ce ta farko bayan komawa, na riga na gaya wa masu ɗinki ba zan buɗe shago ba sai azahar.