Muhawara: da riba Whittington ya sayi kujerar magajin garin Landan?

Wani ɗan zaure ya kawo maganar cewa Richard Whittington, attajirin Landan da ya rasu a 1423, da cin riba, wato kuɗin ruwa, a bashin da yake ba sarakuna ya tara dukiya, da ita kuma ya sayi muƙami. Ga yadda aka fafata.

Malam Sani: Ni ina kan wannan magana. Daga 1388 zuwa 1422 mutumin nan ya ranta wa fadar Ingila kuɗi fiye da sau 50. Ɗan kasuwa ba ya jingine jarinsa shekara da shekaru a banza. A 1397 da magajin gari Adam Bamme ya rasu, Sarki Richard II da kansa ya ɗora shi kan kujerar, ba zaɓe aka yi ba.

Hajiya Binta: Malam, ka tsallake mafari. Kafin bashi ya yi nisa ya riga ya ƙoshi da fataucin tufafi masu tsada, siliki da karan-miski da yadi mai zaren zinariya. Tsakanin 1392 da 1394 kaɗai fada ta sayi kayan kusan fam 3,500 a hannunsa. Kuma naɗin sarki na 'yan watanni ne. A watan Oktoba na 1397 mutanen gari suka zaɓe shi, suka sake zaɓensa a 1406 da 1419.

Malam Sani: Sun zaɓe shi ne, Hajiya, saboda shi ya daidaita su da sarki suka fanshi 'yancin garin da aka ƙwace a 1392, a kan fam 10,000. Kuɗi ne dai suka yi magana.

Alhaji Garba: Ku duba yadda ake biyan bashin tukuna, a nan gizo ke saƙar. A wancan zamanin baitulmalin sarki ba kasafai yake ba da tsabar kuɗi ba. Sanda ake ɗaukowa a yi mata yanka-yanka, faɗin kowane yanka na nuna adadi, sannan a tsaga ta biyu a tsaye. Baitulmali ya riƙe ɓari ɗaya, mai bin bashi ya kai ɗayan wurin mai karɓar kuɗin kwastan a tashar jiragen ruwa don ya biya shi. Matsalar ita ce sarki yakan raba sanduna fiye da abin da tashar za ta tara. Ka je a ce maka wasu sun riga ka, ka komo a yanka maka sabuwa zuwa wata tashar. Wanda ya ƙosa sai ya sayar da tasa a faɗuwa.

Whittington ya kauce wa wannan ta hanya biyu. Ya samu izinin fitar da gashin tumaki ba tare da biyan haraji ba har kuɗinsa su cika, kuma harajin buhu ɗaya ya kai wajen sule 50 ga ɗan ƙasa. Sannan shi kansa ya riƙe muƙamin mai karɓar harajin gashin a Landan. Wanda akwati ke hannunsa ba ya bin layi.

Malam Sani: To ai wannan ribar ce, Alhaji, sai dai an sa mata riga.

Hajiya Binta: Amfani ne, na yarda, amma ba ƙari a kan uwar kuɗi ba. Coci ta haramta riba a lokacin, kuma a 1421 shi kansa yana cikin waɗanda suka zauna shari'ar masu cin riba a Landan. Da an san shi da ita, abokan hamayyarsa, irin masu dafa giya da ya matsa wa kan farashi, da sun tona.

Alhaji Garba: Abin da ya saya da bashin a ganina shi ne kunnen sarki. Da aka tuɓe Richard II a 1399, sabon sarki Henry IV bai yar da Whittington ba, ya ma sa shi cikin majalisarsa. Ya shugabanci 'yan kasuwar gashin tumaki na Calais, garin bakin teku a Faransa da ke hannun Ingila a lokacin, Sarki Henry V kuma ya danƙa masa kula da kuɗin ginin cocin Westminster.

Malam Sani: Kunnen sarki ai shi ma kuɗi yake haifarwa. Na janye kalmar riba, Hajiya, amma batun naɗin 1397 ina nan a kai.