Ruwan masai a bohol? Abin da aka tafka a zauren 'yan layinmu na Lugbe

Injiniya: Salam jama'a. Bohol ɗin masallaci ya sake ƙafewa, ko tsakiyar Maris ba mu kai ba. Zuƙa kawai muke, ba ma mayarwa. Ruwan da matatar ruwan datti ta Wupa, nan Abuja, ke sakewa ya bi rafi, da ƙara tace shi aka yi aka ɗura shi ƙasa, da rijiyoyi sun farfaɗo.

Hajiya Babba: Ruwan masai fa kake nufi, Injiniya? Allah ya sawwaƙe. Gara in ci gaba da sayen na 'yan garuwa.

Injiniya: Hajiya, a gundumar Orange ta Kalifoniya tun 2008 ake yi. Tacewa hawa uku ce, ta ƙarshe da haske mai kashe ƙwayoyin cuta. A Windhoek ta Namibiya kuwa tun 1968 suke gauraya shi da ruwan famfo.

Malam Liman: In launi da ɗanɗano da wari sun koma na ruwa, alwala ta yi. Ƙyama kuma daban, ba hukunci ba ce.

Baban Amira: Allah gafarta Malam, ni ba tsarkin ne ya dame ni ba. Haƙar bohol ce sana'ata. Can Kalifoniya yashi ne da tsakuwa a ƙasa, suna shan ruwa kamar soso. Abuja dutse ce, ruwanta a tsagar dutse yake maƙalewa. Bara na wuni ina haƙa a wani gida, farar ƙura kawai ke tashi har ta rufe mana gira, maƙwabcinsa kuwa kafin azahar muka tarar da ruwa. To in ka ɗura, tsagar wa zai bi?

Injiniya: Ai sai an yi bincike tukuna.

Baban Amira: Kuma injinan tacewar wuta suke ci dare da rana. Ranar da aka ɗauke, me zai gangara? Abin da ya shiga ƙasa ba ya kwasuwa.

Maman Sadik: Ku yi haƙuri in sa baki. Sokawen gidan da muke haya taku tara ne tsakaninsa da bohol, da ƙafata na auna. Ashe ɗurin ai mun daɗe muna yi, tacewar ce babu.

Hajiya Babba: Innalillahi. Baban Amira, gobe ka biyo ka duba nawa.

Baban Amira: Bayan la'asar, Hajiya. Injiniya, mu fara da ruwan indararon masallaci in damina ta faɗi. Rami da tsakuwa kawai yake so.

Injiniya: Ban janye ba fa. Amma kawo lissafin tsakuwar.