Abin da jama'a suka ce kan wanda aka sallama daga aiki yana da shekara 45

Salam 'yan uwa, an yi ta ba da shawara kan abin da wannan bawan Allah da aka sallama daga aiki zai yi, na tattaro shawarwarin ne saboda maganar ta yi tsawo.

1. Kusan kowa ya yarda kar ka ɓoye wa iyali. A zauna da maiɗaki a rage kashe kuɗi tun yanzu, kuɗin makarantar yara da haya su ne gaba.

2. Karɓi takardar sallama a rubuce. In kana da asusun fansho na RSA (asusun da ake tara maka kuɗin ritaya), dokar fansho ta 2014 ta ba ka damar cire kashi 25 cikin 100 idan ka yi wata 4 babu aiki kuma ba ka kai 50 ba, amma sai da wannan takarda, shi ya sa aka ce kar ka tafi babu ita. In an danne maka haƙƙi akwai ƙungiyar ƙwadago da Kotun Ma'aikata.

3. Nan aka rabu. Wasu sun ce ka shiga kasuwa kawai, POS ko hatsi a Dawanau, wasu kuma sun ce wallahi mutumin ofis da bai san kasuwa ba haka zai narkar da kuɗin sallamarsa, gara ya zauna shagon wani ya koya tukuna. Ni dai ina tare da na biyun.

4. Neman aiki, a bi tsofaffin abokan aiki, ko da albashin bai kai na da ba a karɓa.

5. Kar a kulle kai a ɗaki. A fita masallaci da majalisa, in bacci ya ƙi a ga likita.