Ninja 650 da MT-07 duk silinda biyu ne, me ya sa ƙararsu ba ɗaya ba?

ƊanAgege: Salamu alaikum jama'a. Dan Allah masana inji a taimaka min. Babban mashin tokumbo nake so in saya, an nuna min Kawasaki Ninja 650 da Yamaha MT-07, duka silinda biyu a jere, girman injin ma kusan ɗaya, amma da aka tayar da su sai na ji MT ɗin tana wani gurnani kamar Ducati. Mai sayarwa ya ce wai salansa ce kawai. Haka ne? Ni dai Bajaj na sani, ita nake ja tun kafin a hana okada a Ikeja.

BakanikenLadipo: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa dillalin nan ya faɗa maka son ransa ne. Salansa tana ƙara wa ƙara kauri amma ba ta canza kiɗan, kiɗan daga kiransha yake, wato sandar da fistin ke juyawa a cikin inji. Kowace silinda sau ɗaya take kama wuta idan kiransha ta juya sau biyu, wato digiri 720, to rigimar duk a kan yadda silinda biyun suka raba 720 ɗin nan ne. Ninja tana da kiransha mai 180, fistin ɗaya na sama ɗaya na ƙasa, sai wuta ta tashi a ta farko, bayan digiri 180 ta biyu ta bi, daga nan shiru har 540. MT kuwa 270 ce, tazarar ta zama 270 sai 450, kuma wannan ita ce tazarar injin Ducati mai siffar V da aka buɗe digiri 90, shi ya sa kunnenka ya haɗa su. Kunnenka lafiya lau yake wlh.

Alhaji_Mile12: Oga ka bar ta 360, ita muka tashi muka gani a tsofaffin mashinan Ingila irin su Triumph da BSA da Norton. Fistin biyun tare suke hawa tare suke sauka amma wutar bi da bi ce, duk juyi ɗaya bugu ɗaya, tamkar mata biyu suna lugude a turmi. Daɗin ji gare ta, sai dai jijjiga, ka yi tafiya mai nisa hannunka ya mutu a kan kai. Kawasaki W800 har yanzu haka take. Harley kuma nata daban ne, V mai digiri 45, wuta a 315 sai 405.

ƊanAgege: Allah ya saka da alheri. To wacce ta fi ƙarfi kenan?

BakanikenLadipo: Ranka ya daɗe Alhaji gaskiya ne. ƊanAgege ba maganar ƙarfi ba ce zalla, hali ne. A 180 da 360 fistin biyun lokaci ɗaya suke tsayawa cak kafin su juya, a 270 kuwa lokacin da ɗaya ya tsaya ɗayan yana tsakiyar gudunsa, don haka kiransha ba ta fizga, kana murɗa totur kaɗan za ka ji abin da tayar baya take yi. A gosulon Oshodi inda giya ɗaya da biyu ne aikinka hakan yana da daɗi. Yamaha ce ta yi suna da tsarin 270 ɗin da TRX850 a shekarun 1990, yanzu Africa Twin ta Honda da Bonneville na zamani da Royal Enfield 650 duk can suka koma. Ita 180 tana son a ɗaga juyin injinta sama, kuma injin yana ɗan rangaji hagu da dama, shi ake sa wa balansa, wato sandar rage jijjiga.

Sarkin_Gudu: Masu cewa 270 ta fi riƙe ƙasa saboda taya tana samun hutu tsakanin bugu, a laka ko yashi na yarda, amma a kwaltar Lekki ban ga bambanci ba gaskiya, tayarka ce za ta cece ka. Kafin ka biya ka je kasuwar kayan gyara ta Ladipo ka tambayi wacce aka fi samun kayanta, kuma ka sa a tayar maka da ita da sanyin safiya injin bai yi zafi ba.